Layi na Talatin da Bakwai

Sani, kai ka sa na ɗauki bik, alƙalamin rubutu. Ranar kasuwar Tabotaki da ta wuce ka dawo gida ba ka taɓa tuwo ba, uwarka ta yi ta bin ka da tambaya har ka ce wani mutumin Tudun Illo ya ƙi sayen albasarka, wai shi ba ya ciniki da ɗan mai goge suna. Ka tambaye ni ko gaskiya ne, na ce ka tashi ka ba ni wuri. Ban kyauta ba. To ga amsar a rubuce, kai da ƙannenka, don bakina ba ya iya doguwar magana ba tare da zagi ya shigo ciki ba. Karatuna ya tsaya a aji shida na lakwal, makarantar boko, jarrabawar satifika ta kayar da ni sau biyu, Hausar da nake rubutawa kuma a ajin yaƙi da jahilci na tsince ta. Wanda ya ga rubutun bai yi masa ba, ya rubuta nasa.

Abin ya faru shekarar da ta biyo bayan babban fari, kana goye a bayan uwarka. Mutane sun cinye kome, har irin da anka ɓoye cikin tulu don shuka. Rumbuna sun zama wurin kwanan kaji, kajin ma babu. Sai wata furoje, ƙungiyar agaji ta Turawa, ta buɗe biro, wato ofis, a Madawa, ta ce za ta raba irin hatsi da na wake kahin ruwa ya sauka, amma sai an rubuta kowane gida. Anka nemi masu iya riƙe bik, na shiga layi, anka ɗauke ni anketer, mai bi gida-gida yana rubuta mutane. Anka ba ni mobilet, ɗan ƙaramin babur, da jaka cike da takardu, anka ce tunda ni ɗan wajen Tabotaki ne, ƙauyukan can nawa ne. Ba zan ɓoye muku ba, na ji kaina ya kumbura. Ni da malamin lakwal ya ce ba zan taɓa cin abinci da takarda ba, ga ni ina ratsa gari yara suna bin hayaƙina.

Ku fahimci yadda aikin yake, in ba haka ba sauran maganar ba za ta shiga kunnenku ba. Kowane gida layi guda ne a takarda, layin kuma an yanka shi gurbi-gurbi: sunan mai gida, sunan ubansa, baki nawa ke ci a gidan, gona nawa. In na cika takardun gari sai in kai su biro. A can akwai Madam Rabi, sakatariya, mace mai haƙuri da hannu mai sauri, tana buga su cikin wata ƴar na'ura mai kama da talabijin, wadda suke ce wa ordinater. Kowane gari da nasa faifai, wani baƙin abu siriri mai kusurwa huɗu da bai wuce faɗin tahin hannu biyu ba. Ran Litinin shofer ya kwashi faifan ya kai Tawa, inda babbar na'ura take. Ita ke haɗiye su, ta hidda lis ɗin sunaye da ake loda wa kamiyo, babbar motar kaya, iri da shi. Garin da babbar na'ura ba ta hidda sunansa ba, kamiyo ba ta san Allah ya yi shi ba.

Yanzu Tudun Illo. Kun san su, kakanninsu sun zauna ƙarƙashin masu raƙuma na arewa kahin su sauko su kama noma, gonakinsu kuma sun yi iyaka da ta kakanku. Akwai wani gawo a kan iyakar da anka daɗe ana ja-in-ja a kansa. Shekara biyu kahin furoje, a tsakiyar kasuwa, na ce wa ƙanen Maigarinsu, ku da jiya-jiya kuke tatsar raƙuman wasu, yau ku za ku nuna mana iyakar gona? Na faɗa, mutane sun ji, wasu sun yi dariya. Magana ce ta banza kuma ni na yi ta. Ina rubuta ta a nan don kada wani ya gaya muku ita a waje ku ce ubanku ya ɓoye.

Ranar da na je rubuta su, Maigari ya sa anka shimhiɗa mini tabarma ƙarƙashin iccen bedi, ya zauna kusa da ni yana kallon hannuna duk da ba ya karatu. Suna da wata al'ada da sunka sauko da ita daga arewa: ba su kiran sunan mamaci. Mutum ba zai faɗi sunan ubansa da ya rasu ba ko za ka yanka shi. Na san da haka, kowa a wajenmu ya sani. Saboda haka in na zo gurbin sunan uba, mai gidan sai ya kau da kai ya matsa gehe kamar zai tofar da yawu, wani maƙwabci da ba danginsa ba ya sunkuyo ya raɗa mini a kunne, in rubuta. Haka munka yi ta yi lahiya lau, gida talatin da shida. Sai anka zo kan wata tsohuwa. Tun tana yarinya mijinta ya ɗauko ta daga can nesa cikin arewa, ya rasu, ɗiyanta maza sun tahi bida, neman kuɗi, ba labari, sun bar mata jikoki uku. Ita ce mai gidan. Na rubuta sunanta, na ɗaga kai.

"Inna, sunan babanki fa?"

"Ya kwanta, ɗana."

"Na sani, Allah shi gafarta mai. Ba ni ke tambaya ba, takarda ce."

"To ka ce ma takardar ya kwanta."

Na dubi mutane, ina jiran mai raɗa. Babu wanda ya sunkuyo. Maigari ya ce shi kansa bai taɓa jin sunan ba, wanda ya sani mijinta ne, shi ma ya bi. Na sake lallashinta, na ce ta faɗa wa wata mace can bayan zana, macen ta zo ta gaya mini. Ta gyara lulluɓinta ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan lakwal, irin nan ni za a ba ko shi?"

Duk wurin anka yi dariya, har Maigari. Ni ma na yi. Na ja ɗan layi a gurbin, na rubuta baki huɗu, gona guda, na wuce gida na gaba. Gida sittin da ɗaya na rubuta ranar, ban tsallake ko ɗaya ba, na sha hurarsu na hau mobilet.

Sati uku bayan haka kamiyo ta zo. Ta sauke wa garinmu, ta sauke wa garuruwa biyu na gabas, ta bi ta gindin Tudun Illo mutane suna tsaye bakin hanya da buhunansu da ƙorai, ba ta ko rage gudu ba. Hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas kowace la'asar. Washegari da hantsi Maigari ya zo ƙofar gidanmu da dattijai huɗu. Bai karɓi ruwa ba. Da kakanku ya yi magana, ni ina tsaye kamar turmi.

"Malam, ɗanka ya zauna bisa tabarmata, ya sha hurata, ina kallo shina wasa da bik. Ashe goge mu shikai."

"Baba Maigari, wallahi na rubuta ku duka," na ce.

"Ban yi da kai ba. Kai ka riga ka faɗi taka a kasuwa."

Da sunka tahi, Baba ya zauna yana jan tasbaha. Daga baya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In ka yi, ka je ka gyara. In ba ka yi ba, ka je ka gyara." Uwarku kuwa tana bakin murhu, ta ce da ni, "Malam, mata sun daina amsa gaisuwata a rijiya tun jiya." Ban ci abinci ba na kama hanyar Madawa.

Shef ɗinmu, shugaban biro, Mushe Umaru ne, Mushe irin na faransanci, mutum mai tumbi da agogon zinariya, wanda in yana magana da kai takarda yake kallo. Na tambaye shi ina lis ɗin Tudun Illo. Ya ja aljihun tebur, ya hiddo faifan garin da wata ƴar takarda manne a jikinsa. Kalma guda ce a kanta, da faransanci, *rejeté*. An ƙi. Ba sunan mutum, ba lamba, ba dalili.

"Shef, mi ya lalace a ciki?"

"Na'ura ta ƙi."

"Na gani. Don mi ta ƙi?"

"Abarshi, ni na yi kama da na'ura? Aikinka ne bai da kyau."

"To a nuna mini inda bai da kyau in gyara."

"In da ka ci satifika da ka gani da kanka."

Na haɗiye wannan. Na koma wurin Madam Rabi, munka baje takardun bisa tebur, muna bi layi-layi, ni ina karantawa ita tana duba gilashin na'urarta. Ba mu ga kome ba. Mun wuce ta kan ɗan layin da na ja har sau biyu, ko a jikinmu, don ni na san dalilinsa, ita kuma a wurinta gurbin da ba a cika ba sai a tsallake shi, haka anka koya mata. Ta ce watakila faifan ne ya ji rana. Ta ɗauki sabo ta sake buga gida sittin da ɗaya tun daga farko, shofer ya kai ran Litinin, ya dawo ran Alhamis da ƴar takarda irin ta farko. Ta sake bugawa, wannan karon ta gajarta dogayen sunaye ko su ne sunka yi wa na'urar yawa. Wani satin ya tahi. Kalmar nan dai ta dawo, ita kaɗai, kamar mutum ya tofa maka yawu ya ruhe ƙofa. A cikin satin nan ruwan shuka ya sauka. Garinmu ya hita gona da asuba, mutanen Tudun Illo suna zaune bisa tudunsu suna kallonmu muna binne iri.

Wanda bai taɓa tsayawa gaban irin wannan takarda ba ba zai gane ba. In alƙali ya kama ka da laihi, yana gaya maka laihin. Malamin lakwal da ya tsane ni ma, in ya ja jan bik, a kan kalmar da na ɓata yake ja. Wannan abu kuwa ya ce maka ka yi kuskure, ya bar ka da gurbi ɗari biyu da wani abu, ka yi ta zargin kowanne, ka zargi rana, ka zargi sakatariya, daga ƙarshe ka fara zargin kanka ko da gaske hannunka ya goge su ba ka sani ba. Na kai nan. Ni da na rubuta su da hannuna.

Na koma wurin Shef na ce ya ba ni izini in tahi direksiyo, babban biro na Tawa, in ga na'urar da idona. Ya yi dariya har tumbinsa na rawa.

"Anketer ba shi zuwa direksiyo. Gobe kana da garuruwa uku wajen Urno. Tudun Illo su jira baɗi."

"Shef, baɗi wa za a iske a garin?"

"In ka taka tasha, kada ka dawo nan."

Na hito. Madam Rabi ta bi ni da ido, sannan ta tura faifan zuwa bakin tebur da gwiwar hannu, ta juya tana neman wani abu cikin kabad wanda na tabbata babu shi.

"Malam Abarshi, ni ban ga kome ba," ta ce da kabad ɗin.

Na sa faifan cikin hulata, na jingine mobilet ɗin furoje a gindin bango, na ba gardi mai tsaron ƙofa makulli, na tahi tasha. Na san abin da nake yi. Kada wani ya ce muku hushi ne ya ɗebe ni. Na auna aikin da sunana, na ga aikin bai kai ba.

A Tawa sai da na yini guda a ƙofar direksiyo kahin gardi ya gaji da huskata ya bar ni na shiga. Ɗakin na'urar sanyi kamar randa, sai an tuɓe takalmi. Na zaci zan iske wani tsohon Bature mai gemu. Wani saurayi na iske, siriri, baƙi kamar ni, da tabarau, yana cin gyaɗa. Sunansa Idi, ɗan Yamai, ya yi karatu a waje, shi ya rubuta wa na'urar dokokin da take bi. Na ciro faifan daga hula na aje gabansa, na ba shi labari a tsaye. Ya saurara, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya zura faifan, na'urar ta yi ƴar ƙara kamar ɓera cikin rumbu, kalmar ta hito a gilashi.

"Ka gani, yaya. Akwai abin da bai daidaita ba a ciki."

"Ina?"

"Sai an bincika. Ka bar shi, in na samu lokaci."

Ya nuna mini wani kwali a ƙarƙashin tebur. Faifai ne a ciki, kowanne da ƴar takardarsa, na wajen Buza, na wajen Keita. Na dubi kwalin nan na ga garuruwa zaune bisa tudu suna kallon maƙwabta na shuka. Na ja kujera na zauna ba a ce in zauna ba.

"Ƙanena, ka taɓa sayar da albasa?"

"A'a."

"In buhu shina wari ba ka san wadda ta ruɓe ba, ba ka zubda buhun. Ka raba shi biyu ka sansana. Wanda ke wari ka sake raba shi. Na'urarka tana iya cin rabin gari?"

Ya aje gyaɗar. Ya raba lis ɗin, ya ba ta gida talatin na farko, ta haɗiye ba gardama. Ya ba ta sauran, ta ƙi. Ya raba waɗannan, ya sake rabawa. Ni ina tsaye bayansa da takarduna, ina sa yatsa a inda munka tsaya. Da ya rage gida huɗu na riga na gani, amma na bar shi ya kai ƙarshe. Layi guda ya rage a gilashin. Sunan tsohuwa, sai wuri babu kome, sai huɗu, sai ɗaya.

"Ga shi," in ji Idi, yana murmushi kamar ya ci tombola. "Gurbin sunan uba. Ba ta karɓar gurbi wayam. Tana zuwa nan sai ta tsaya ta mai da faifan duka."

"Tana zuwa nan ta tsaya."

"I."

"Wato ta san a nan ta tsaya."

"Ta sani mana. Tana ƙirga layi."

"Tun ranar farko ta san layi na talatin da bakwai ne?"

Murmushin ya fara sauka. Ya ce i.

"To don mi ba ta faɗi ba?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa.

"Ban ce mata ta faɗi ba," ya ce. "Ni na san dokokin. Ban yi tunanin wanda zai karanta takardar ba ni ba ne."

Na yi niyyar zagi, Allah ya sani, zagin ya zo har maƙoshi. Abin da na ce kawai shi ne, gida sittin sun rasa ruwan farko saboda kalma biyar da ya ji ƙyuyar rubutawa, mata ba su gaida matata a rijiya, ni kuma na bar aikina a gindin bango. Bai kare kansa ba. Ya ce mu cika gurbin yanzu-yanzu lis ya hita, ya sa yatsu bisa na'ura.

"Mu sa Mahamadu. Wa zai sani?"

"Ni."

"Yaya, suna ne kawai don ta wuce."

"Tsohuwar nan ta ƙi faɗin sunan ubanta don girmama shi, ni kuma in ba ta uban ƙarya don girmama ƙarhe? Kai ka yi dokar. Ka koya mata akwai mutanen da ba su faɗi."

Ya dube ni, ina jin yana auna ko ya kira gardi. Sai ya juya ya fara bugawa. Tun hantsi yake yi har anka kira la'asar, ni ina zaune ƙafafuna sun yi sanyi. Abu biyu ya canza. Na ɗaya, in layi guda ya lalace, na'urar ta karɓi sauran ta aje wannan gehe. Na biyu, ta faɗi gari, ta faɗi layi, ta faɗi gurbi, ta faɗi abin da ta nema ba ta samu ba. Da ya gama ya zura faifan nan nawa yadda yake, bai taɓa kome a ciki ba, injin bugawa ya yi ƙara, takarda ta hito. Ya miƙo mini. Faransanci ne, amma irin wanda ɗan aji shida ke karantawa: Tudun Illo, layi na talatin da bakwai, gurbin sunan uba babu kome, an karɓi gida sittin. Daga nan ya buɗe wa gurbin hanya, a iya rubuta ba a faɗa ba, tsohuwa ta shiga lis da baki huɗu da gonarta guda. Sannan ya jawo kwalin nan ya fara zura faifan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya buɗe baki. Wani an sa harafi inda ake son lamba, wani an buga gida guda sau biyu. Ƙananan abubuwa, waɗanda sakatariya za ta gyara kahin shayinta ya huce.

Na dawo Madawa na iske takardar sallama tana jirana wurin gardi. Ita kam ta faɗi dalili dalla-dalla, har da rana da sa'a da na bar bakin aiki. Shef bai hito ba. Madam Rabi ta leƙo ta taga ta ɗaga mini hannu.

Kamiyo ta isa Tudun Illo kwana ashirin da wani abu bayan ruwan farko. Samari da yawa sun riga sun tsallaka Najeriya, gida biyu sun kwashe gaba ɗaya, har yau ba su dawo ba. Na je wurin rabon da ƙafa, takardar Idi tana aljihuna, na ƙudura zan tsaya gaban kowa in karanta ta in hassara, in ga wanda zai sake ce mini mai goge suna. Na iske gari duka ƙarƙashin bedin nan, huskoki a murtuke, ana auna iri da tiya. Wani ya hango ni ya ce, ga shi nan, tsoro ya sa ya mai da mu. Wani ya ce da a hannunsa nake da ya nuna mini. Na sa hannu a aljihu. Sai na hangi tsohuwar can ƙarshen layi, ita da ƙwaryarta, jikokin uku riƙe da zanenta. Ba ta da ɗa a garin, ba ta da ɗan'uwa, ba ta da wanda zai tsaya gabanta. Mutanen nan yunwa ta cinye musu haƙuri, neman wanda za su ɗora wa suke. In na ce layi na talatin da bakwai, Maigari yana nan zaune ranar, zai tuna wadda ta sa anka yi dariya. Ni ina da uba, ina da gari, ina da ƙafar tahiya kasuwa wata. Ita a nan za ta kwana.

"Abarshi, kana da magana?" in ji Maigari.

"Babu, ranka shi daɗe. Na zo in ga ko ya iso."

"Ya iso. Kana iya tahiya."

Da zan wuce ta kusa da ita ta ɗago kai ta gane ni.

"Ɗan lakwal, ka gaya ma takardar?"

"Na gaya mata, Inna. Ta ji."

A gida na ba uwarku labari duka, ita da Baba kaɗai. Ta ce, "Wato mu za mu ɗauka, Malam? Har yaushe?" Na ce har tsohuwa ta gama kwananta. Ta ce tsofaffin arewa ba su mutuwa da wuri, ta shiga ɗaki ta bar ni. Gaskiyarta, shekarun sun yi yawa, kuma ita ta hi ni shan su, don ni ba na zuwa rijiya. Baba ya ce kawai, "Maganar kasuwa ce kake biya." Na ji haushinsa ranar. Yanzu na san da ban faɗi waccan magana ba, da Maigari ya zo ƙofarmu da tambaya, ba da hukunci ba.

Hatsinsu ya yi rabin kai shekarar, ruwa ya ɗauke yana cikin hidda ido. Idi an ɗauke shi zuwa Yamai, na ji an yaba masa wai ya gyara na'ura. Mushe Umaru yana da gidan bene a Madawa, in mun haɗu a tasha yana tambayata ko mun taɓa sanin juna. Ni ina auna albasa. Ban sake cin abinci da takarda ba, malamin lakwal ya ci gari. Ba na cewa ban ji zahi ba, ina ji har gobe. Amma ko za a mai da ni bakin teburin Madam Rabi sau goma, sau goma zan sa faifan nan cikin hula. Kuna cewa ina da faɗa, in kun ɗaure buhu ba daidai ba sai na kama hannunku na kai shi kan ƙullin na ce nan, nan ne ya kwance. Daga ɗakin sanyin nan na ɗauko halin. Ban taɓa ce wa ɗayanku bai yi ba in juya baya.

Tsohuwar ta rasu bayan girbin bara. Jikokinta sun zama magidanta, babbansu ma shi ke limanci a garin, ba mai iya taɓa su yanzu. Takardar tana cikin akwatin ƙarhe, ƙarƙashin rigata ta salla, cikin leda. Ta yi ja amma tana karantuwa. Sani, ran Juma'a ka ɗauke ta ka hau Tudun Illo. Maigari yana nan da rai, idonsa ya tahi amma kunnensa garau. Ka gaishe shi da kyau, ka durƙusa, kada ka ɗauki bakina ka tahi da shi. Ka ce masa maganar kasuwa ni na yi ta kuma na ji kunyarta. Sannan ka karanta masa takardar, ka hassara, ka gaya masa gida sittin da ɗaya na rubuta.

In sun tambaye ka wace ce layi na talatin da bakwai, ka ce musu ta kwanta.